Gahawar Ƙarshe

"Ɗaukarsa za a yi, ƙarti biyu sun isa," in ji Gwaggo.

Nakiwala ta runtse ido. Ta gaji da wannan magana har cikin ƙashinta. Shekara da shekaru tana zana wa asibitoci da makarantun Kampala gangaren da keken guragu zai hau, ga shi matakalar gidan ubanta a Masaka ta gagare ta, alhali wanda za ta aura a keken guragu yake.

"Gwaggo, Sebunya fa ba buhun gawayi ba ne."

"To ya zauna a waje. Angon da bai shiga ɗakin surukinsa ya tauna 'ya'yan gahawa ba, baƙo ne har abada. Ɗan gidan Kasozi da ya neme ki dai da ƙafarsa zai shigo..."

Yayanta ya riga ya yi nasa taimakon, ya lafta siminti a kan matakalar, gangaren da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Gangare na gaskiya kuwa dole ya yi tsawo, ya bi ta kan bishiyar gahawar da marigayiya mamanta ta shuka.

Da yamma Sebunya ya kira ta a waya.

"Abar ƙaunata, bar su su ɗauke ni. Ba yau aka fara ba."

Sanyin muryarsa ya fi komai yi mata ciwo.

"An ɗauke ka a banki, an ɗauke ka a coci... Ban da gidanmu, masoyina."

Baba yana zaune a baranda, duk ya ji.

"Babu wata hanya, 'yata?"

"Na auna ta ko'ina, Baba. Babu."

Ya juya ya kalli bishiyar. Ita kuwa ba ta roƙi a sare ta ba, don ta san a gindin bishiyar nan yake hira da matarsa kullum.

Da safe ƙarar gatari ce ta tashe ta. Baba ne da kansa yake sare bishiyar, ya hana kowa taya shi.

Ranar gabatar da ango, Sebunya ya turo kekensa cikin farar riga, a hankali, ba hannun kowa a bayansa, ta kan sabon gangaren har tsakar ɗaki. Gwaggo ta kau da kai. Nakiwala tana leƙe ta bayan labule, hawaye na ɓata mata kwalliya.

Baba ya miƙa masa ɗan kwandon 'ya'yan gahawa.

"Na bishiyar mamanta ne, su ke nan suka rage. Tauna, ɗana."