Hanyar Iskar Motar Baba

Ranar da motar hayar mahaifinta, Malam Dalhatu, ta mutu tsakanin Kabo da Gwarzo, Kamila na ciki. Bakaniken da aka kira ya ɗago daga bonet, baƙin mai har gwiwar hannu, ya gaishe ta, ita kuwa ta rasa inda za ta sa idonta. Zainulabidin sunansa. Kafin damina ta fita ya koma "Zain ɗina" a wayarta.

Daga tasha rigimar ta taso. Sharfaddeen, wani bakaniken da shi ma yake son Kamila, ya cika wa Baba kunne cewa in aka kankare hanyoyin da iska ke shiga inji, aka faɗaɗa su, ba motar da za ta kamo shi. Baba ya kira Zain ya ce ya yi masa.

Zain ya durƙusa ya ce, "Baba, a motar tsere yana ƙara wani abu. Taka lodi take ɗauka. In ramin ya yi faɗi, jan da take yi a tudu ma raguwa zai yi. Kuma abin da aka kankare ba ya dawowa."

"Shekara talatin ina tuƙi, kai za ka koya mini mota? Kada in sake ganin ka a ƙofar gidana."

Kamila ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta tura masa saƙo: "Masoyi, ƙarfe ne fa. Ka yi masa don Allah, kada a ba Sharfaddeen ni."

Sai bayan la'asar ya amsa: "Kamilata, a kawo motar."

Motar ta dawo tana ja ba wahala. Baba ya riƙa yabon aikin a tasha, har ya ce Zain ya turo magabatansa. Ana gobe za su zo, Zain ya yi sallama a zaure, Kamila ta laɓe a bayan ƙofa.

"Baba, ban kankare komai ba. Baƙin dattin da ya toshe hanyar na wanke, na canza filogi da matatar iska. Direbobi uku sun zo in kankare musu saboda maganarka. In na ƙi, wurin wani za su."

Baba ya tashi ya shige gida. Aka fasa zuwan magabata.

Haushi ya cika Kamila. Ta rubuta: "Da ka yi shiru kwana ɗaya tak."

"Na yi ƙarya sau ɗaya don kada in rasa ki. Ba zan iya ɗaura aure a kanta ba."

Mako biyu Baba ba ya ko kallon ta, duk ta rame. Ran nan ya dawo daga tasha ya zauna kusa da Inna.

"Na tara direbobin tasha na ce zancena ba haka yake ba. Kunya kam na sha ta. Amma da motocin mutane sun lalace a bakina." Ya juyo ga Kamila. "Ki gaya wa mai taurin kan nan ya turo iyayensa Juma'a."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Kabo. Da za a tafi da ita, Baba ya dafa kanta.

"Zai faɗa miki gaskiya ko ba ki so, sai ki yi haƙuri da shi. Allah Ya yi muku albarka."