Ranar da Malama Martha Ta Ƙi Miƙa Takarda

Hayaƙin suyar ƙuli-ƙuli ya cika idon Sadiya, amma ba shi ne ya sa ta hawaye ba. Tun rasuwar iyayenta take hannun Baffanta Daudu a Gwiwa. Gonar mahaifinta tana hannunsa, ita kuwa rabonta a gidan shi ne murhu da talla. Abu ɗaya ke sanyaya mata rai: kowace Asabar tsofaffin ɗaliban wata kwaleji a Kazaure kan zo su koyar da yara kyauta. A bana suka shirya jarrabawa, duk wanda ya zo na ɗaya za su ɗauki nauyin karatunsa har ya gama. Sadiya ce ta zo ta ɗaya!

Sai dai ita da Halima, 'yar Baffan, duk sunan kakarsu suka ci, Halimatussa'adiyya, kuma da sunan Baffan aka rubuta marainiyar a makaranta. Wasiƙar sakamako na isowa ya riƙe ta gam, ya ce ai ta Halima ce.

"Baffa, don girman Allah... ni na zauna jarrabawar nan."

"Karanta! Halimatussa'adiyya Daudu. Ni na haife ki? Ɗauki farantinki, yau kasuwa!"

Wayyo maraici! Tana ji tana gani aka ɗaura wa Halima sabuwar atamfa, ita da Baffa suka hau babur sai zauren taron ba da tallafin a Kazaure. Ta tsuguna bakin murhu tana cewa, "Ya Allah, Kai ne gatana... Kai ka ga daren da na yi karatu da ranar da na yi."

Abin da Baffa bai sani ba, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban tana da ƙa'ida: malamin da ya koyar da yaro shi ke miƙa masa takardar tallafi da hannunsa. Aka kira suna, Halima ta taso. Malama Martha, wadda shekara guda take hawa babur zuwa Gwiwa, ta dube ta, ta mayar da takardar bayanta.

"Baba, ina yarinyata?"

"Ga ta nan gabanki, Malama."

"Tawa littafinta duk tabon man gyaɗa ne, ga ƙuna a hannun dama. Wannan ko sau ɗaya ba ta zauna ajina ba! Marainiya, Baba? Ba ka ji tsoron Allah ba?"

Zauren ya ɗauki salati. Halima ta fashe da kuka: "Wallahi Baba ne ya ce in yi shiru!"

Ba a watse ba, motar ƙungiya ta nufi Gwiwa. A tsakiyar kasuwa suka sami Sadiya, faranti a ka, ido ya kumbura. Malama Martha ta sauke farantin da kanta, ta rungume ta suna kuka tare, sannan ta danƙa mata takardar a gaban jama'a.

Da maganar ta kai gaban dagaci, bai tsaya nan ba: ya sa aka kai batun gonar wajen alƙali, aka karɓe ta daga hannun Daudu. Ya fito kansa a ƙasa, mutanen da suke gaishe shi jiya suna kau da kai.

Ranar tafiya makaranta Sadiya ta durƙusa. "Malama, da me zan saka muku?"

"Tashi, 'yata. Ki gama, ki dawo ke ma ki koyar da wasu. Asabar ɗinki na jiran ki."