Garwashi a Ƙarƙashin Motar Tulga

Ƙafafunsa ta fara gani. Yanjin ta koro shanu zuwa bakin rafi ne ta tarar da wata farar jif, irin manyan nan masu kujerun fata da masu haƙar ma'adinai ke hawa, ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashinta.

"Sannu, direba. Ina maigidan naka ya shiga ya bar ka da wahala?"

Ya jawo jiki ya fito, fuska duk baƙin mai. "Ai maigidan ne a kwance. Ni ne direban, ni ne bakaniken, ni ne mai wanki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya tsaya kallon idanunta da sifana a hannu, ya manta abin da ya fito ɗauka.

Sunansa Tulga, ɗan Ulanbator, babban birnin ƙasar. Motar ta mahaifinsa ce. Tare suke canza mata mai da birki tun yana makaranta, har ciwon hanta ya ɗauke tsohon. Dangi suka ce ya sayar, ya ƙi. Da ita yake yawo da 'yan buɗe ido, kuma bai taɓa yarda hannun wani ya taɓa injinta ba. A jikin sitiyari akwai shuɗin hadag, ƙyallen girmamawa da mahaifin ya ɗaura ranar da ya sayo ta. Ya koɗe, amma ko wanke shi Tulga ba ya yi.

"In na riƙe sitiyarin nan, sai in ji kamar yana gefena yana min faɗan gudu," ya gaya mata.

Sabis ɗin waya a kwarinsu sai a kan tudu, don haka kullum da yamma tumakin Yanjin sukan buƙaci dubawa a can sama. Daga nan suke musayar saƙonni da Tulga.

"Mai idon ɗan raƙumi, yau na zuba mai na manta ban rufe murfi ba. Laifinki ne."

"Sarkin baƙin mai, ka wanke hannu kafin ka taɓa sunana a waya. Na yi kewarka."

Mahaifinta, Baba Lubsan, bai ɓoye ƙiyayyarsa ba, kuma ba za a ce ba shi da dalili ba. Irin wannan motar ce ta ɗauki Dulam, yayar Yanjin, zuwa birni, mai motar ya yasar da ita da goyo. Har yau kunya ta hana ta dawowa gida.

"Na san masu irin motocin nan," ya ce. "Ƙarfe suke so, ba mutum ba."

"Baba, gadon mahaifinsa ce. Hadag ɗin tsohon ma yana nan a sitiyari."

Ko ɗagowa bai yi daga sirdin da yake ɗinki ba.

Sai kuma Gombo, maƙwabcinsu mai garken dawaki, wanda ya daɗe yana zuwa aron gishirin da ba ya buƙata, ya kawo labari. Wai ya ga mace a gaban motar a garin Tsetserleg, Tulga na gyara mata mayafi. Yanjin ta daina hawa tudu, ta rame, abinci ya fita ranta. Ranar da zuciya ta kasa jurewa ta hau, saƙonni suka yi ta shigowa. Na ƙarshen ya ce:

"Ban san laifina ba. Inna nake ta kaiwa asibiti, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce in gaishe da surukarta. Ni dai ina nan."

Ta zauna a kan dutse ta yi kuka, na kunya da na daɗi a haɗe.

Bayan bikin sabuwar shekara, a tsakiyar sanyi, ya zo da kawunsa neman aure. Kawun ya miƙa sabon hadag da hannu biyu. Baba Lubsan ya zuba musu shayi mai gishiri, ya tura musu akushin nama, ya tambayi lafiyar hanya, amma hadag ɗin bai karɓa ba. Kowa ya gane an ƙi. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, dole baƙin suka kwana.

A gidan makiyayi, ko ba a son baƙo, maigida ne ke shirya masa abin hawansa. Da sassafe Baba ya cika kasko da garwashin kashin shanu ya tura ƙarƙashin injin don ya ɗumama, kamar yadda yake yi wa tsohuwar motarsa ta Rasha, wadda cikinta ƙarfe ne zalla. Bai san cikin wannan roba ce da wayoyi ba.

Haushin kare ne ya fito da su. Gaban motar na ci da wuta, ƙofar direba a buɗe, Baba ya tura rabin jikinsa cikin hayaƙin.

Yanjin ta ga Tulga ya ruga. Akwai abin kashe gobara a bayan motar, ta san wurinsa, shi ma ya sani, amma bai nufi can ba. Ya cafko tsohon ta ɗamara ya ja shi nesa, ya cusa masa hannuwa cikin ƙanƙara, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi. Kafin kawun ya kashe wutar da shebur, injin ya tafi, gilashi ya tsage, kujerun fata sun zama gawayi.

"Na kashe maka mota, yaro."

"Baba, ku bar zancen mota. Ina ke muku zafi?"

Daga baya ta same shi a bayan garke, goshinsa a jikin shinge, yana kuka.

"Ƙanshin mahaifina yana ciki, Yanjin. Yanzu kam ya mutu."

 Ta riƙe baƙin hannun nan ta taya shi kukan.

Da rana Baba ya sa aka kira Tulga. Da yatsunsa naɗe da tsumma ya laluba ƙirjin rigarsa, ya zaro shuɗin hadag, gefe ɗaya ya ƙone.

"Abin da na shiga ɗaukowa ke nan. Yarinyar nan ta ɗauka ba na jin ta." Ya ɗaga ƙyallen. "Jiya kawunka ya miƙo, na ƙi. Wannan na mahaifinka ne. Ka ɗauka shi ya zo ya roƙa maka, ni kuma na karɓa."

Baba ya kai ƙyallen goshinsa, alamar karɓa. Tulga ya durƙusa a gabansa.

Da kaka aka yi bikin. Baba da kansa ya je birni ya dawo da Dulam da ɗanta. A tsohuwar motar Rasha aka ɗauki amarya, motar ta mutu a hanya, ango ya shiga ƙarƙashinta da rigar biki. Mahaifiyar Yanjin ta yayyafa madara a tayoyi tana sharar hawaye.

"Hanyarku ta yi fari, 'ya'yana. Wutar gidanku kada ta mutu."

Farar jif tana nan bayan garke a lulluɓe da tamfol. Tulga ya ce zai tashe ta, ko da furfura ce za ta riske shi a kai. Hadag ɗin kuwa bai koma mota ba. Baba Lubsan ya ɗaura shi a tsakiyar rufin sabon ɗakin ango da amarya, da yatsun da har yau ba sa lanƙwasuwa.