Rubutun Nesa da na Kusa

Da jakar leda cike da takardu ya shigo ofishin, ya zube su a teburinta har shayinta ya fantsala.

"Ke ce mai haɗa manhaja? Zuri'armu ce nan, mutum ɗari huɗu. Kakanmu zai cika shekara casa'in, ana son a ga kowa a babban allo ranar taro."

Ta ɗago za ta balbale shi da faɗa, sai ta ga yana goge teburin da hannun rigarsa. Ta fasa faɗan.

Auta ake kiransa a gida, shi kuma ya laƙaba mata Injiniya. Wata huɗu ta yi tana gina bishiyar zuri'ar. In aka tura hoton nesa don a ga kowa, rubutu sai ya hau kan rubutu kamar tururuwa. Don haka ta ba kowane mutum gurbi biyu: gajeren laƙabi mai fitowa daga nesa, da cikakken bayani wanda ba ya bayyana sai an jawo kusa.

"Injiniyata, ni me kika rubuta mini?" ya turo mata wata rana.

"Daga nesa: Mai ɓarin shayi. Na kusa kuma ba a karanta shi a waya."

"To ga ni nan zuwa, hasken idona."

Da ya kai maganar aurenta gida, Goggonsa ce ta tare shi. Ita ta raine shi, kuma tuni ta ajiye masa 'yarta.

"'Yar waye?"

"Babanta shara yake yi a kasuwa, Goggo."

"Madalla. Sai mu ajiye masa kwandonmu in ya zo gaisuwa."

Kaka dai ya amince. Ya ce a sa yarinyar a gefen Auta a bishiya, a kuma gayyato mahaifinta.

Injiniya ta ba Auta lambar sirri don ya gyara sunayen danginsa. Da safiyar taron ta buɗe nata gurbin, ta jawo shi kusa, ta karanta "Wadda Auta zai aura" ya fi sau goma tana murmushi. Ba ta tura hoton nesa ba. Ko sau ɗaya.

Zauren ya cika. Babanta na zaune kusa da ita cikin rigar da ta goge masa da kanta. Aka kunna allo, bishiyar ta buɗe daga nesa kamar yadda ta tsara, sabon gurbin kuma yana ƙyalli da ruwan zinare a tsakiya: 'YAR MAI KWASAR SHARA.

Dariya ta fara daga kujerun baya, ta gangaro gaba. Babanta bai iya karatu ba. Da ya ga ana kallonsu ana dariya, sai shi ma ya washe baki.

"Uwata, sunanki ne ya fito?"

Ta sunkuyar da kai. Goggo ta juyo a hankali, ta gyara mayafi.

"Bari in karanta maka, Baba, tunda 'yar boko ta yi shiru."

Ta karanta masa, kalma bayan kalma. Murmushin ya daɗe a fuskarsa kafin ya gane ya kamata ya sauke shi.

A gida Injiniya ta buɗe rajistar gyare-gyare. Da lambar Auta aka canja laƙabin. Ta kira shi.

"Na ga hannunka. Kada ka sake nemana."

"Wallahi ba ni ba ne, rabin raina. 'Yar Goggo ce ta ari kwamfutata jiya."

"Kai ka ba ta, ke nan. Kuma da ana dariya kana zaune."

Ta toshe lambar wayarsa.

Washegari Auta ya je kasuwa, ya sami babanta a layin masu kayan miya, ya durƙusa a gabansa cikin ɓawon albasa. Mutane suka taru.

"Tashi, yaro, ka tare mini inda ban share ba."

Bai tashi ba. Ya dawo washegari, ya sake dawowa. Rana ta huɗu tsohon ya miƙa masa tsintsiya, suka gama layin tare, masu tumatir na yi masa ihun ango.

Da yamma Baba ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta.

"Abin da suka rubuta ƙarya ne?"

"Baba, wulaƙanci ne."

"Na sani, a kunnena aka karanta. Amma da sharar nan kika yi karatu. Yaron nan kuwa bai iya riƙe tsintsiya ba, tafin hannunsa duk ya yi kanta, bai ajiye ba. Buɗe masa waya."

Ta buɗe. Saƙo arba'in da ɗaya suka shigo a jere. Ɗaya kawai ta amsa.

"Ka shafa mai a hannun, sakarai."

Goggo ba ta taɓa ba da haƙuri ba. Kafin Injiniya ta miƙa aikin, ta soke lambar sirrin gyara, ta sa sunan Goggo da na 'yarta ba sa fitowa sai an jawo hoton har ƙurewa. Kaka ya duba allon, ya nemi reshen nan bai gani ba, ya cire tabarau ya bar shi a haka.

Ranar ɗaurin aure, masu sharar kasuwa goma sha biyu ne a sahun gaba. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannun Auta mai sauran tabo, ya ɗora nata a kai.

"Ni an riga an yi mini dariya, ta wuce. Ita kada in ji an yi mata kana zaune."

"Ba za ka ji ba, Baba."

"To Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'yan da ba za su ji kunyarku ba. Ku tafi, direba yana jira."