Wanda Ya Sha Datar Baba Masinja

Ranar Talata da hantsi wani dattijo ya shigo caji ofis riƙe da takarda a cikin leda, ya tsaya a gaban kanta ya ce ya kawo rahoton sata. Saje ya jawo littafi, ya tambaye shi abin da aka sace.

"Data," in ji dattijon.

Saje ya ajiye biro. Shekara goma sha biyu yana kan kantar nan, an kawo masa satar babur, satar janareto, har satar ƙyauren banɗaki, amma ba a taɓa kawo masa satar abin da ba ya ɗaukuwa a hannu ba. Yana shirin sallamar dattijon da kalamai masu daɗi sai ga Sufeto ya fito daga ofishinsa.

Wata tara ke nan da aka yi wa Sufeto canjin wurin aiki, iyalinsa suna can wani gari mai nisa. Ɗaki ɗaya gare shi a bayan ofis, da kofi ɗaya, da cokali ɗaya. Kaɗaici ya dame shi, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba. Shi ya sa ƙarar da kowa yake gudu ita yake ɗauka, don ko yawon banza ya fi masa zaman ɗakin nan. Ya ce dattijon ya shigo ciki.

Baba Masinja ake ce wa dattijon, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu gida-gida. Yanzu ido ya yi rauni, ko tasa wasiƙar sai an karanta masa. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Yarsa ɗaya tilo tana aikin jinya a ƙasar waje, ita ce ta sa aka haɗa masa intanet don su riƙa ganin juna ta kiran bidiyo.

Da can kuɗi ɗaya ake biya a wata, ka sha kaɗan ka sha da yawa. Jiya ya je biya kamar yadda ya saba, sai mai karɓar kuɗi ta ce ai kamfani ya koma awo, kowa gwargwadon abin da ya sha. Shi kuma wai ya sha giga ɗari huɗu da goma sha biyu, kuɗin ya kai fanshonsa na wata uku. Idan bai biya ba zuwa Juma'a za a yanke layin.

"Baba, me kake yi da intanet ɗin?" Sufeto ya tambaya.

"Jiran kiran 'yata."

"Kullum take kira?"

"Kullum. Ba fashi." Ya gyara bakin ledar. "Ranka ya daɗe, ban san giga ba, ban san nauyinsa ba. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Wani ne yake sha da sunana. In suka yanke, ta ina yarinyar nan za ta same ni?"

Sufeto ya buɗe fayil, ya ɗauki hularsa.

Ofishin kamfanin yana hawa na biyu a saman wani kantin magani. Manaja mace ce mai saurin magana, tun kafin ya zauna ta shaida masa cewa mita ba ta ƙarya, kuma tun da aka fara awo kowa ya zama waliyyi, babu wanda ya yarda ya taɓa kallon fim. Ta ce an raba takardar sanarwa wata biyu kafin canjin, hannu da hannu, har da shawarar kowa ya canza lambar sirrinsa.

"Shi ma an kai masa?"

"Ga sa hannunsa nan."

"Za ki iya fitar mini da abin da layin ya sha kowace rana?"

Ta danna, injin ya fito da takarda. Sufeto ya bi ta da yatsa. Kullum giga goma sha biyar, goma sha shida, daga ƙarfe tara na safe zuwa faɗuwar rana. Sai dai akwai ranaku huɗu da layin bai sha komai ba, ko abin aika saƙon gaisuwa bai kai ba. Ya juya ya dubi kalandar da ke bango. Duk huɗun Litinin ne.

Ya tambaye ta ko kiran bidiyo na minti biyar zai fito a takardar. Ta ce ko na minti ɗaya zai fito. Sufeto ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Baba Masinja yana zaune ne a ɗaki ciki da falo, a saman wani shago da aka daɗe da rufewa. Falon tsaf yake, irin tsabtar gidan da ba mai ɓata shi. Kujeru biyu ne suke fuskantar juna, a tsakaninsu ƙaramin tebur, kofuna biyu da kwalin kati da ya sha hannu. Akwatin intanet ɗin yana kan dandamalin taga, eriyoyinsa suna leƙen titi.

A bangon ciki Sufeto ya ga ramukan ƙusa biyu, da shatin wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa bai koɗe ba.

"Nan akwatin yake da?"

"Nan yake. Tsani ne ya mayar da shi taga, wai ya fi jawo sabis."

"Wane ne Tsani?"

"Ma'aikacin kamfanin. Ba ka ganinsa sai da tsani a kafaɗa."

"Wa ka ba lambar sirri?"

"Ni kaina ban san ta ba. An ce tana rubuce a ƙasan akwatin."

Da ya tambayi mai kujera ta biyu, fuskar dattijon ta saki. Ya ce ta amininsa ce, Mai Aski, wanda shagonsa yake tsallaken titi. Kullum da la'asar sai ya bar shago ya hawo, su sha shayi, su buga kati hannu uku, ya karanta masa duk takardar da ta zo. Shekara ɗaya da rabi bai taɓa fashi ba, ko ranar hutunsa sai ya zo. Ya ce ba don bawan Allahn nan ba, da sai ya yi mako bai ji muryarsa ta fita ba.

Sufeto ya tambaye shi takardar sanarwa. Baba ya tuna an kawo wata takarda ya sa hannu, Mai Aski ya karanta ya ce talla ce kawai, ya tafi da ita.

Washegari da safe Sufeto ya sami Tsani a gindin wata turakar waya yana warware igiya. Tsani ya rantse tun ranar da ya haɗa layin bai sake taka gidan ba.

"Dattijon ya ce kai ka mayar da akwatin taga."

"Tsufa ne, yallaɓai. Mantuwa."

"To, mu je ka faɗa a gabansa. Daga nan mu biya wajen Manaja, ta duba mana ko an rubuta aikin."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tsani ya ajiye igiyar, ya ce kada a sa Manaja a ciki, yana da 'ya'ya uku. Gaskiya shi ya matsar da akwatin, aikin bayan fage ne, an ba shi na shan ruwa. Ya san maganar jawo sabis shirme ce, tunda ta waya layin yake shigowa. Amfanin taga ɗaya ne, ta kai waifai ɗin waje.

"Wa ya biya ka?"

"Abokinsa. Mai askin nan." Ya share gumi. "Lokacin fa kuɗi ɗaya ake biya, yallaɓai. Ko duk unguwa ta sha, ba a ƙara wa Baba ko sisi."

Shagon askin ƙarami ne, kujera ɗaya da madubi mai tsaga a gefe. A jikin ƙofa an rubuta da fenti cewa ba a buɗewa ranar Litinin. Dogon benci a waje cike yake da direbobi da masu jiran aiki, mutum tara Sufeto ya ƙirga, kowa ya sunkuyar da kai kan waya. Ba wanda ake yi wa aski, kuma ba wanda ya yi kama da mai jiran a yi masa.

Sufeto ya zo cikin farin kaya. Ya zauna ya ce a gyara masa fuska. Mai Aski mutum ne mai furfura a gemu da hannu mai laushi, ya shafa masa kumfa yana jan sa da hira. Da Sufeto ya kawo zancen intanet, sai ya yi dariya, ya zaro 'yar waya mai madannai daga aljihu, ya ce shi iyakar iliminsa ke nan.

Bai rufe baki ba wani direba ya leƙo, ya miƙo wayarsa da 'yan canji a kai.

"Sa mini na yini."

"Ka dawo anjima," in ji Mai Aski, bai kalle shi ba.

A jikin bango akwai ƙusa da aka soke ƙananan takardu a kanta, waɗanda ake yankawa don goge reza. Mai aski ba ya zubar da takarda, komai ƙanƙantarta. Mai Aski ya zari ɗaya ya goge kumfa. Sufeto ya miƙa hannu ya zare sauran gaba ɗaya, ya shiga buɗawa. Tsohuwar jarida, takardar makaranta, rasit. Can ƙasa ya ci karo da guda uku masu tambarin kamfanin. Ya jera su a kan cinyarsa, rabin kalmar sanarwa ta fito, da lambar layin Baba Masinja.

Ya fito da katin aikinsa ya ɗora a kai.

"Talla ce wannan?"

Rezar ta tsaya a hannun Mai Aski. Ya naɗe ta a hankali ya ajiye. Mutanen benci suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri.

Mai Aski bai yi gardama ba. Ya ce wani sabon shago ne aka buɗe a bakin hanya, mai na'urar sanyi da talabijin, ya kwashe masa mutane. Wata rana ya hau yi wa Baba aski a gida, ya ga akwatin, ya ga lambar. Ya fara sa wa mutane a waya suna ba shi ɗan abin da ya samu, da shi yake biyan hayar shago. A lokacin ba wanda ya cutu.

"Da takardar ta zo fa?"

"Na karanta. Na gane sarai." Ya dubi ƙasa. "Na ce bari in ƙara mako ɗaya in daina. Mako ya zama wata. Ban zaci zai kai haka ba."

"Shayin da katin fa? Gadin akwatin kake zuwa yi?"

"Da farko, e. Ina tsoron kada wani ya mayar da shi ciki. Daga baya ban sani ba, yallaɓai. Ni ma ba ni da inda nake zuwa."

Sufeto ya goge sauran kumfar da kansa, ya kira Saje ya kawo mota. Ya kira Manaja ya yi mata bayani. Ta ce za a soke kuɗin, layin Baba ba za a taɓa shi ba, amma sayar da layin kamfani laifi ne a kan kamfani, kuma yanzu za ta aiko da ƙara a rubuce.

Baba Masinja ya hango motar ta taga. Ya sauko yana laluben bango, ya tsallako titi ba tare da ya duba hagu ko dama ba. Sufeto ya gaya masa komai a taƙaice, ya ce layinsa ya tsira. Dattijon ya daɗe yana kallon inda Mai Aski yake tsaye, shi kuwa ya kasa ɗaga kai.

"Na janye ƙarar," Baba ya ce. "Zan biya. A riƙa cira a fansho."

"Ta fita daga hannunka, Baba. Ƙarar kamfani ce yanzu."

"Ni na kawo ta."

"Kai ka kawo ta."

Dattijon ya matso kusa, ya rage murya.

"Ka ga takardar ranakun, ko?"

"Na gani."

"To ka san ƙarya na yi maka. Sau biyu ta kira a bana. Aiki ya yi mata yawa, ba laifinta ba ne. Na ji tsoron a yanke ne, ranar da za ta yi na uku ta tarar ba kowa."

Tausayin dattijon ya kama Sufeto, ya kuma ji kunyar aikin da ya yi daidai. Saje ya fito da ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai, ya buɗe ƙofar baya kawai. Mai Aski ya kulle shagonsa, ya tsaya da makullin a hannu bai san wanda zai ba ba. Baba Masinja ya miƙa tafin hannu, ya karɓa.

"Ka ci abinci?" ya tambaye shi.

Mai Aski ya girgiza kai, ya shiga mota. Saje ya tayar. Sufeto ya duba madubin gefe, ya ga dattijon tsaye shi kaɗai a bakin titi, yana jiran motoci su tsagaita ya koma sama.