Ƙofar da Ke Fuskar Kwamfuta

"Wai wa ke dawo mini da wannan abin?"

Sakinatu tana tankaɗe a tsakar gida ta ji mijinta Sharfaddeen yana tambayar ƙanwarsa Mutmainna, wadda ke zaune a wurinsu tana karatu. Magariba ta kawo kai, ƙarar keke napep ta fara raguwa a titi.

Mai ɗaukar hoto ne, ya kuma tsara fuskar kwamfutarsa yadda yake so. Kowace folda ya yi mata shotkot, ɗan hoto mai kibiya a gindi, wanda in ka danna zai kai ka ciki kai tsaye: na biki, na suna, na fasfo. Sakinatu ba ta yi nisa a boko ba, amma in ta kawo masa abinci takan tsaya ta bayansa tana kallon hannunsa.

Shotkot ɗin da ya dame shi ba shi da suna. Yana kaiwa ne ga hotunan wani tsohon gida da ya ɗauka a Agyaragu kafin a rushe shi. Ya goge, abin ya dawo. Ya sake gogewa.

Yana gogewa a wannan yammacin dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Suka kasa kunne. Sai wani ya faɗo, sai wani. Suka leƙa waje, ba kowa.

Kowace magariba haka. Ranar Alhamis Mutmainna tana alwala buta ta suɓuce mata, ita ma ta zube ƙasa, idanunta a buɗe ba sa ganin kowa. Ta daina ci. Sai yatsanta da ke ta danna tabarma, sau biyu-biyu.

Aka ɗauko Malam Abdulsalami daga Doma. Ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali, Sakinatu na riƙe da kafaɗunta. Can muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ku daina toshe mini ƙofa."

"Wace ce ke? Me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

"An rushe mana gida, ba inda ya saura sai a hotonsa. Nan muka koma da 'ya'yana. In na fita nema na dawo, sai in tarar ya goge hanya. Ɗaki cikin ɗaki cikin ɗaki, ina zan gane?"

"Nan gidan mutane ne," in ji Malam. "Ki kwashe su ki nufi daji."

"A bar mini ƙofar har wata guda."

"Zuwa kiran isha kawai," in ji Malam.

Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ta yarda. Sharfaddeen ya mayar da shotkot ɗin. Malam ya ce kada a taɓa foldar kanta, ƙofa kawai za a rufe. Suna zaune aka ji taku a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ana gangarawa ta bayan gida. Ladan na buɗe baki Sharfaddeen ya goge.

Kafin Mutmainna ta yi atishawa ta farka, leɓɓanta sun motsa daf da kunnen Sakinatu.

"Autana na barci. Bai fito ba."

Ba wanda ya ji sai ita. Gida ya lafa, Mutmainna ta sha kunu har tana cewa, "Anti, ƙara mini." Amma Sakinatu, da cikinta na fari ya fara motsi, ta bar tuwonta ya huce tana tunanin autan.

Washegari da yamma maigidan ya tafi masallaci. Ta buɗe kwamfutar, ta bi ɗaki cikin ɗaki har ta samo hotunan gidan, ta danna dama, ta aika shotkot zuwa fuska. Ta san in tsohuwar ta karya alkawari, Mutmainna ce za ta sake zubewa. Ta zauna tana leƙen yarinyar da ke wanke-wanke ta taga.

Taku ɗaya mai nauyi ya ratsa kwano. Aka daɗe. Sannan taku biyu, babba da ƙarami, sai dai ta kasa gane ko fita suka yi ko dawowa.

Ta goge ƙofar da hannunta, ta rufe kwamfutar. Da ya dawo ya tambaye ta ko lafiya, ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Ta riga ta ƙudura ba wanda zai ji, ko Malam.