Furen Bado da Shanun Alhaji Bubayaro

Ranar da Rauda ta fara ganin Kashim, hannunta na cikin ruwa tana ƙoƙarin tsinko furen bado. Ita da 'yan'uwanta malamai ne suka fito daga makarantarsu ta Mamudo zuwa gandun dajin da aka killace bayan gonaki, inda aka share 'yan hanyoyi tsakanin tsamiya da kanya har bakin tafki.

Gyaran murya ta ji a bayanta. Wani dogon saurayi ne cikin koren kakin masu tsaron gandu. Ya gaishe ta, sannan ya ce ba a tsinkar komai a nan.

"Fure ɗaya fa, Sarkin Dawa."

"Malama, kowa da ɗaya yake farawa."

Ta tsame hannu tana harararsa. Amma da ya shige gaba yana faɗin sunan kowace bishiya kamar mai gabatar da danginsa, ita ce ta fi kowa tambaya. Kafin su koma ta karɓi lambarsa, ta ba shi tata, wai don kawo ɗalibai.

Ɗaliban dai ba su zo ba sai bayan wata uku. Saƙo kuwa washegari ya iso: "Malamar Bado, furenki ya buɗe da safen nan. Yana inda kika bar shi. Ni ma haka."

Ta amsa: "Ci gaba da gadi, Sarkin Dawa. Ban ce na huce ba."

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Alhaji Bubayaro, babban dillali ne a kasuwar shanun Potiskum, kuma a bazarar bara wani mai koren kaki ya hana garkensa shan ruwa a tafkin nan. Ga shi wanda ransa ya kwanta da shi ya zama surukinsa shi ne Abbas, mai manyan motocin da ke kai masa shanu Kudu. Da manyan Kashim suka zo neman aure, Alhaji ya ce a kawo masa yaron. Kallo ɗaya ya gane shi. Ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: a buɗe wa shanunsa tafkin, ya ba da 'ya.

Kashim ya ɗago kai ya dube shi.

"Baba, da nawa ne da na ba ka har da kifin ciki. Amana ce."

Rauda ta ji zafin maganar har ƙashinta. Gwaggonninta suka ƙara gishiri, suka ce namijin da ba zai tsallake shinge dominki ba, ba ya sonki. Tsohuwar magana ce, sai dai tsufa ba ya mai da magana gaskiya. Rauda ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tuna da yawan waɗanda aka tsallake shinge dominsu, daga baya aka tsallake wani domin wata.

Kwana tara ba ta amsa kiransa ba. A na goma ya rubuto: "Ko kin bar ni, ba wanda zai taɓa furenki."

Da hantsi ta durƙusa gaban mahaifinta, ta ce ba ta zo roƙo ba. So take ya je ya ga abin da aka fifita a kan 'yarsa, tunda shi ba ya yanke wa dabba daraja sai ya zagaye ta.

Suka je ana tsananin zafi. Alhaji ya bi hanyar yana dogara sanda, Kashim na biye da su nesa kaɗan. Alhaji ya tsaya gindin wata taura, ya ce rabonsa da ganinta tun yana kiwo. A bakin tafki ya tsaya yana kallon agwagin ruwa. Can ya ambaci tafkuna uku da ya sha yana yaro, duk ƙafar shanu ta mai da su fako.

Ya juyo wajen Kashim. "Har yanzu ba za ka buɗe ba?"

"A'a, Baba. Ka yi haƙuri."

Rauda ba ta sunkuyar da kai ba.

Alhaji ya yi 'yar dariya. "Shekara arba'in ina sayen shanu. Bijimin da ke bin duk mai kwanon dusa ba na kai shi garkena. Ka turo manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure a unguwar Yindiski. Alhaji ya sa musu albarka, ya ce Allah ya sa a riƙe masa 'ya kamar yadda aka riƙe ruwan da aka hana shi. Shanunsa kuwa har yau a rijiyar burtsatse suke sha.

Sati biyu da tarewa suka koma gandun su biyu. Rauda ta durƙusa, ta miƙa hannu wajen badon a hankali, tana satar kallonsa.

Ya yi gyaran murya.

Ta janye hannun tana dariya, ta sa shi cikin nasa. Allah ya bar su tare, ya bar tafkin da ruwansa.